Scott Hahn, Faston da Karatun Littafi Mai Tsarki Ya Kai Shi Cocin Katolika

Duk ɗan Katolika da ya taso a Kaduna, Jos, Zariya, Kafanchan ko Kontagora ya san tambayoyin nan tun yana ƙarami. A makaranta ake jefo masa su, ko a motar haya, ko a gidan biki. Me ya sa kuke bauta wa Maryamu? Ina aka rubuta rosari, carbin addu'ar nan naku? Wa ya ba ku izinin ƙara littattafai bakwai a Littafi Mai Tsarki? Me ya sa kuke kiran mutum Fada alhali Yesu ya hana? Da yawanmu sai mu yi shiru, ko mu ce haka muka tarar, amsar da ba ta gamsar da kowa har da mai faɗinta. Shi ya sa nake so in kawo muku labarin wani mutum da ya yi shekaru yana waɗannan tambayoyi da niyyar raba 'yan Katolika da cocinsu, wanda kuma ya fi yawancin masu tambayarmu sanin Littafi Mai Tsarki nesa ba kusa ba. Sunansa Scott Hahn, Ba'amurke ne, ya kuma sha ba da shaidarsa a bainar jama'a.

An haife shi a 1957 kusa da birnin Pittsburgh a jihar Pennsylvania. Iyayensa 'yan cocin Firesbiteriya ne amma ba masu zafin addini ba, shi kuwa ya fara ƙuruciya da rashin ji. Wata ƙungiyar bishara ta matasa mai suna Young Life ce ta jawo shi ga Kristi yana sakandare. Ya tuba da gaske, ya duƙufa kan Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen Martin Luther da John Calvin, jagororin Furotesta na farko. Wannan tuba ba abin rainawa ba ce, shi ma bai taɓa raina ta ba. Sai dai tare da ita ya sha koyarwar cewa Cocin Katolika ɓata ce tsagwaronta. Kakarsa ta wajen uba ita kaɗai ce 'yar Katolika a danginsu. Da ta rasu aka ba shi rosarinta, sai ya tsittsinka shi, don a ganinsa sarƙa ce da ta ɗaure tsohuwar.

Ya kamata a san inda irin wannan ƙiyayya ta samo makamanta. Tsakanin 1910 da 1915 wasu Furotesta a Amurka suka wallafa maƙalu 90 don kare tushen bangaskiya daga malaman zamani masu musun mu'ujizai da tashin Yesu daga matattu. A kan waɗannan abubuwa mu da su bakinmu ɗaya. Amma cikin magadansu akwai waɗanda suka mai da yaƙi da Katolika rabin addininsu, babban rumbun hujjojinsu kuwa shi ne littafin da Loraine Boettner ya fitar a 1962. Hahn da kansa ya riƙa raba wa matasan Katolika shi. A ciki akwai jerin abubuwan da aka ce Roma ta ƙirƙiro, kowanne da shekararsa, kuma jerin nan ne yake yawo har yau a ƙananan takardun wa'azi da wayoyin mutane.

Ɗauki layi ɗaya ka gwada. An ce a 1229 majalisar ikilisiya ta Balansiya ta hana talakawa karanta Littafi Mai Tsarki, ta sa shi cikin jerin haramtattun littattafai. To a 1229 birnin Balansiya na Sifaniya yana hannun Musulmi, sai 1238 ya koma hannun sarkin Aragon. Jerin haramtattun littattafai kuma sai 1559 aka kafa shi. Abin da ya faru a 1229 shi ne wani taro na yanki a Tulus, kudancin Faransa, ya taƙaita mallakar Littafi Mai Tsarki a wannan yankin saboda 'yan bidi'ar Albijansiya da ke amfani da nasu fassarori. Dokar ta faru, kada mu yi musunta, amma ta yanki ɗaya ce a zamani ɗaya. Idan aka kawo maka irin wannan jeri, kada ka tsaya amsa layi arba'in a lokaci guda. Ka zaɓi ɗaya, ka tambayi wace majalisa, a wane gari, wace takarda. Ka kuma lura cewa shekarar da aka tabbatar da koyarwa a majalisa ba ita ce shekarar da aka fara gaskata ta ba. A 325 aka yi majalisar Nikiya, amma ba a nan Yesu ya fara zama Allah ba.

A 1979 Hahn ya gama kwalejin Grove City, ya auri Kimberly Kirk, 'yar wani faston Firesbiteriya, suka tafi makarantar tauhidi ta Gordon-Conwell tare. Ta wajen matar abin ya fara tsagewa. Ta yi bincike kan hana ɗaukar ciki, ta gano cewa har zuwa taron Lambeth na Anglikan a 1930 babu wata babbar ikilisiya da ta halatta shi, kuma Katolika ce ta tsaya inda kowa yake a da. Suka canja zamansu na aure a kan haka, suna cewa ai ko ɓatacce yakan dace da gaskiya wani lokaci.

Shi kuwa abin da ya ɗauke masa hankali shi ne alkawari. Ya ga cewa a Littafi Mai Tsarki alkawari ba yarjejeniyar ciniki ba ce, hanya ce da Allah yake mai da mutane iyalinsa. Daga nan ya fara shakkar ginshiƙin farko na Furotesta, wato barata, karɓar mutum a matsayin mai adalci a gaban Allah, ta wurin bangaskiya kaɗai. Ayar da ake dogara da ita ita ce Romawa 3:28, inda Bulus ya ce ana baratar da mutum ta wurin bangaskiya ba tare da ayyukan Shari'a ba. Luther ya ƙara kalmar "kaɗai" a fassararsa ta Jamusanci ta 1522, babu ita a Helenanci. Ka ci gaba zuwa aya ta 29 da ta 30: Bulus yana tambaya ko Allah na Yahudawa ne kaɗai, yana maganar masu kaciya da marasa kaciya. Ashe Shari'ar Musa ce a bakinsa. Wuri guda tak a Sabon Alkawari da "bangaskiya" da "kaɗai" suka zo tare shi ne Yakubu 2:24, a can kuwa cewa aka yi ba ta wurin bangaskiya kaɗai ba. Idan aka karanta maka Afisawa 2:8 da 9, ka amsa da amin, sa'an nan ka roƙi a karanta aya ta 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Kristi domin kyawawan ayyuka. Galatiyawa 5:6 ta haɗa su wuri guda: bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna.

A nan ne 'yan'uwanmu suke yawan faɗawa rami. Don a nuna an bambanta da Furotesta sai ka ji ɗan Katolika ya ce mu ayyukanmu ne za su cece mu. Wannan ba koyarwarmu ba ce, bidi'ar Felajiyus ce da aka la'anta a Kartej a 418. Dokar farko ta majalisar Tirent kan barata, a 1547, ta yi tir da duk wanda ya ce mutum zai barata da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Kristi ba. Alheri ne farko, alheri ne yake haifar da bangaskiya, shi ne kuma yake ba da ikon yin aikin. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa a kan haka, 'yan Methodist suka bi a 2006. Wanda yake zarginmu da sayen ceto da aiki, yawanci bai taɓa jin wannan ba.

Da ya gama a 1982 ya zama fasto a Fairfax, jihar Virginia, yana kuma koyarwa a wata ƙaramar makarantar tauhidi. A aji ne wani ɗalibi ya yi masa tambayar da ta juya rayuwarsa: a ina Littafi Mai Tsarki ya koyar da cewa Littafi Mai Tsarki kaɗai ne hujja? Ya kawo 2 Timoti 3:16, ɗalibin ya nuna masa ayar ba ta faɗi haka ba. Ya koma gida ya nema, ya tuntuɓi manyan malaman da ya sani, babu wanda ya ba shi aya.

Wannan tambaya ita ce uwar sauran, don haka a tsaya a kanta. Ayar ta ce kowane nassi hurarre ne daga Allah, mai amfani ne don koyarwa da tsawatarwa da gyara. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Amma ba ta ce shi kaɗai ba. Koma aya ta 14: Bulus yana gaya wa Timoti ya tsaya kan abin da ya koya, yana sane da wurin waɗanda ya koya. Aya ta 15 ta ce nassosin da ya sani tun yana jariri, wato Tsohon Alkawari, don a lokacin ba a gama rubuta Sabon ba. Idan ayar tana nufin abin da ke hannun Timoti ya isa, to Bishara ta Yohanna ma ba a bukatarta ke nan. Za a ce maka Yesu ya tsine wa al'adun mutane a Markus 7. Gaskiya ne, ya kuma ba da misali: mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah don ya guje wa ciyar da iyayensa. Al'adar da ke soke umarnin Allah ke nan. Amma a 2 Tasalonikawa 2:15 Bulus ya umarci masu bi su riƙe koyarwar da aka miƙa musu, ko da baki ko ta wasiƙa. A 2 Timoti 2:2 ya ce abin da ka ji daga gare ni ka danƙa wa amintattu da za su koya wa wasu. A 1 Timoti 3:15 kuwa abin da ya kira ginshiƙi da tushen gaskiya ikilisiya ce. Da rikicin kaciya ya tashi a Ayyukan Manzanni 15, ba a ce kowa ya je ya karanta ya yanke wa kansa ba, manzanni da dattawa ne suka zauna a Urushalima suka yanke hukunci ya hau kan kowa.

Sai kuma tambayar da ba ta da mafita: wa ya faɗa maka littattafan Sabon Alkawari 27 ne? Shafin jerin littattafai da ke gaban Littafinka ba manzo ne ya rubuta shi ba. An daɗe ana muhawara kan Ibraniyawa, 2 Bitrus, Yakubu da Ru'uya ta Yohanna. Jerin 27 cif ya fara bayyana a wasiƙar Bishop Atanasiyus na Iskandariya a 367, majalisun Hippo a 393 da Kartej a 397 suka tabbatar. Waɗannan majalisu na arewacin Afirka su ne kuma suka lissafa Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu cikin Tsohon Alkawari. Idan ka ƙara Baruk, wanda a da ake haɗa shi da Irmiya, bakwai ɗin ke nan. Namu 46 da 27, jimla 73, nasu 39 da 27, jimla 66. Ba mu ƙara ba. Suna cikin fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari da Kiristocin farko suka yi amfani da ita, Ibraniyawa 11:35 ma tana nuni ga shahidan 2 Makabiyawa 7. Luther a 1534 ya ware su ya sa tsakanin Alkawaran biyu, bugun Sarki James na 1611 ya fito da su, sai a 1826 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta yanke shawarar daina buga su. Ita ce ta buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, shi ya sa kakanninmu suka saba da 66. In an ce maka Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya yi shakkar littattafan nan kuma Yahudawa ba su lissafa su a nasu ba, kada ka musa, haka ne. Amma Jerom malami ne guda, hukuncin ikilisiya kuma ya bi ta wata hanyar, Otodoks da Habashawa ma suna riƙe da su har yau.

A coci kuma Hahn yana wa'azi kan Bishara ta Yohanna, sai ya iso sura ta 6 ya cije. An koya masa cewa gurasa da ruwan inabi alama ce kawai. Ku buɗe ku bi ta aya aya. A ta 51 Yesu ya ce gurasar da zai bayar naman jikinsa ne. A ta 52 Yahudawa suka yi gardama, yaya mutumin nan zai ba mu namansa mu ci? A wasu wurare idan aka ɗauki maganarsa a zahiri alhali misali ne, yakan gyara, kamar yistin Farisiyawa a Mattiyu 16:11 da 12. Nan kuwa ƙara nanatawa ya yi daga aya ta 53 zuwa ta 58: jikina abinci ne na gaske, jinina abin sha ne na gaske. A ta 60 almajiransa suka ce magana ce mai wuya, a ta 66 da yawa suka juya baya. Bai kira su ya ce kun yi mini mummunar fahimta ba, sai ma ya tambayi sha biyun ko su ma za su tafi. Za a kawo maka aya ta 63, cewa jiki ba ya amfana komai. Bai ce jikina ba. Da jikinsa ba ya amfana komai, da gicciye ma bai amfane mu ba. Tunanin ɗan adam da babu Ruhu yake nufi. Bulus a 1 Korintiyawa 11:27 zuwa 30 ya ce mai ci da rashin cancanta ya yi wa jiki da jinin Ubangiji laifi, har wasu sun yi ciwo wasu sun mutu saboda haka.

Da Hahn ya koma ga rubutun Kiristocin farko, can ma abin da ya tarar ke nan. Ignatiyus na Antakiya, a hanyarsa ta zuwa Roma a kashe shi wajen shekara ta 107, ya rubuta wa mutanen Simirna yana kuka da waɗanda suka ƙi yarda cewa Jibin Ubangiji jikin Mai Ceto ne. A wannan wasiƙa ce aka fara ganin an kira ikilisiya Katolika a rubuce. Wajen 155 Justin Shahidi ya bayyana wa sarkin Roma sujadar Lahadi: karatu, wa'azi, addu'o'i, gurasa da ruwan inabi da ruwa, godiya, jama'a su ce amin, a raba, dikinoni su kai wa waɗanda ba su zo ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Mas, wato babbar sujadar Katolika, ya gane wannan tsari. Luther kansa a Marburg a 1529 ya ƙi haɗa kai da Zwingli, wani jagoran Furotesta, saboda ya tsaya kan cewa "wannan jikina ne" yana nufin abin da ya ce.

Abin ya kai shi ga ajiye aikin fasto, ga iyali a wuyansa, ya koma Grove City, daga baya a 1985 ya tafi jami'ar Marquette a Milwaukee neman digiri na uku. Wata rana da tsakar rana ya sulale ya shiga wani ɗakin sujada a ƙarƙashin cocin Gesu, ya zauna a bencin baya da Littafinsa a gefe, don ya ga abin da aka koya masa cewa saɓo ne mafi muni. Sai ya ji Littafin da ya haddace yana fitowa daga bakin jama'a. "Mai tsarki, mai tsarki, mai tsarki" na Ishaya 6:3 ne da Ru'uya 4:8. "Ga Ɗan Rago na Allah" maganar Yohanna Mai Baftisma ce. "Ban isa ka shiga gidana ba" ta jarumin soja ce a Mattiyu 8:8. Ya daɗe yana nazarin Ru'uya ta Yohanna yana neman mabuɗinta, sai ga bagade, fitilu, fararen riguna da bikin Ɗan Rago a gabansa. Ya dawo washegari, ya sake dawowa.

Zargin da ake yi wa Mas shi ne muna sake kashe Yesu, alhali Ibraniyawa 7:27 da 10:10 sun ce sau ɗaya tak ya miƙa kansa. Amsar ita ce mu ma haka muke koyarwa. Hadaya ɗaya ce, ba a maimaita ta, ba a ƙara mata komai. A Mas wannan hadaya guda ce ake kawo mana a gabanmu don mu ci daga gare ta, kamar yadda ya umarta a daren da aka bashe shi.

A daren jajibirin Ista na 1986 aka karɓe shi cikin Cocin Katolika. Kimberly ba ta bi shi ba, kuma shekarun da suka biyo baya sun yi wa aurensu tsanani ƙwarai. 'Yar fasto ce mai digiri a tauhidi, ta auri fasto, sai ga shi miji ya shiga inda ta ɗauka halaka ce. Su biyun sun faɗa cewa yawan cusa mata littattafai da hujjoji bai kusantar da ita ba. Babban abin da ya tsaya mata a wuya shi ne Maryamu.

Kan Maryamu a fara da abin da ba ma yi. Ba ma yi mata sujada. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, duk ɗan Katolikan da ya ɗauke ta a matsayin allahiya ya yi zunubin bautar gumaka. Girmamawa muke yi, muna kuma roƙonta ta yi mana addu'a. Za a karanto 1 Timoti 2:5, matsakanci ɗaya ne. Ka ce a fara daga aya ta 1, inda Bulus ya umarta a yi roƙo da addu'a domin dukan mutane. Wanda ya ce wa fastonsa ka sa ni a addu'a bai ƙwace wa Yesu matsayi ba. Abin da ya rage shi ne ko waɗanda suka riga mu suna iya yin haka. Yesu ya ce Allah na rayayyu ne ba na matattu ba, a Markus 12:27, Ru'uya 5:8 kuma ta nuna dattawa 24 a sama riƙe da tasoshin turare, waɗanda su ne addu'o'in tsarkaka. Rabin farko na addu'ar gaisuwar Maryamu daga Luka 1:28 da 1:42 aka ɗauko shi, bakin Jibra'ilu da na Alisabatu. A aya ta 48 ita da kanta ta ce dukan zamanai za su kira ta mai albarka. Abin da ya taimaki Hahn sosai shi ne sarautar gidan Dawuda, inda uwar sarki ce sarauniya, ba matarsa ba. A 1 Sarakuna 2:19 Sulemanu ya tashi ya rusuna wa uwarsa, ya sa aka ajiye mata kujera a damansa. Mu da muka san matsayin uwar sarki a fada, wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Sunan Uwar Allah da majalisar Afisa ta tabbatar a 431 kuma don kare Yesu aka yi shi: wanda ta haifa mutum ɗaya ne, Allah ne kuma mutum ne. Game da 'yan'uwan Yesu na Markus 6:3, biyu daga cikinsu, Yakubu da Yoses, Markus 15:40 ta nuna uwarsu wata Maryamu ce. Da tana da wasu 'ya'ya maza, da bai danƙa ta ga Yohanna a gicciye ba.

Sauran tambayoyin ba sa ɗaukar lokaci. Rosari gomiya biyar ne, kowace da wani al'amari na rayuwar Yesu da ake tunani a kai, 20 ne duka tun da Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara biyar a 2002. Mattiyu 6:7 surutun banza irin na arna ta hana, don Yesu kansa ya maimaita addu'a ɗaya sau uku a Getsemani, Zabura 136 kuma tana da amshi guda sau 26. Siffofi: Fitowa 20:4 da 5 sun hana a sassaƙa don a bauta, amma a Fitowa 25:18 Allah ya umarta a ƙera kerubobi biyu na zinariya, a Littafin Ƙidaya 21:8 ya sa a yi macijin tagulla. Ranar da mutane suka fara ƙona wa macijin turare, Hezekiya ya farfasa shi, 2 Sarakuna 18:4, kuma daidai ya yi. Fada: Mattiyu 23:9 ta ce kada a kira kowa uba, ayoyin da ke gefenta sun ce kada a kira kowa malam, amma Bulus ya kira kansa uban Korintiyawa a 1 Korintiyawa 4:15, Istifanas ma ya ce 'yan'uwa da ubanni a Ayyukan Manzanni 7:2. Girman kai Yesu yake sara. Mabuɗan da aka ba Bitrus a Mattiyu 16:19 a karanta su tare da Ishaya 22:22, inda aka ɗora wa wakilin sarki mabuɗin gidan Dawuda. Furta zunubi ga Fada yana Yohanna 20:22 da 23.

In aka ambaci miyagun Paparomomi, ko sayar da takardun sassauci, wato na rage horon zunubi, a zamanin Luther, ko limaman da suka ci amanar yara, kada ɗan Katolika ya kare abin da ba ya karuwa. Sun faru, abin kunya ne, an cuci mutane. Cinikin sassauci Paparoma Piyus na Biyar ya soke shi a 1567. Ikilisiya ba ta taɓa cewa Paparoma ba ya zunubi ba, shi ma yana zuwa furta nasa. Abin da ta ce shi ne Ruhu Mai Tsarki yana tsare shi daga koyar da kuskure sa'ad da yake yanke wa dukan ikilisiya hukunci kan bangaskiya ko ɗabi'a. Wanda ya yi ƙarya don ya kare coci, ranar da aka kama shi ba za a ƙara yarda da gaskiyarsa ba. Kuma kada mu manta cewa mai tambayar nan sau da yawa ɗan'uwa ne da aka yi wa baftisma, yana ƙaunar Yesu, tsoron halakarmu ne ya sa yake magana.

Kimberly ta yi nata binciken a nata lokacin. Baftismar 'yarsu a cocin Katolika ta taɓa ta ƙwarai, mahaifinta fasto kuma ya shawarce ta ta miƙa wa Allah nufinta duk inda zai kai ta. A Ista ta 1990 aka karɓe ta a Joliet, jihar Illinois. A shekarar Hahn ya fara koyarwa a jami'ar Franciscan da ke Steubenville, jihar Ohio, ya kammala digirinsa na uku a 1995. 'Ya'yansu shida, ɗaya ya zama Fada a 2021.

Wanda ya biyo irin wannan hanya yana so ya shigo, ga yadda ake yi. Ya ga Fadan cocin da ke kusa da shi, a sa shi ajin koyarwa na manya, wanda yakan ɗauki watanni, wani wuri shekara ko fiye. Ya kawo takardar baftismarsa. In da ruwa aka yi masa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba a sakewa. In da sunan Yesu kaɗai aka yi, sai a yi masa baftisma, in kuma akwai shakka a yi ta bisa sharaɗi. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne maganar aure, musamman in akwai auren baya ko mata fiye da ɗaya, don haka a faɗa wa Fada tun ranar farko, kada a bari sai Ista ta matso. Mai baftisma yana furta zunubansa kafin ranar, sa'an nan ya furta bangaskiya a gaban jama'a, a shafa masa man tabbatarwa, ya karɓi Jibin Ubangiji. Kafin wannan rana yana iya zuwa Mas kullum, amma ba ya karɓa.